Laifin Makaɗi Ko Laifin Kaset? Tarihin Ɗaukar Waƙoƙin Baka Da Yadda Ya Kamata Mu Auna Su



Watanni biyu da suka wuce, a zaman ƙungiyarmu na wata-wata, wani ɗan uwa ya karanta mana sharhin da ya rubuta a kan Ibrahim Narambaɗa. Ya yaba wa azancinsa matuƙa, amma ya ce muryarsa siririya ce, 'yan amshinsa suna haɗiye kalmomi, kotson kuma ba shi da armashi idan aka jera shi da kiɗan sitidiyo na yau. Na tambaye shi a ina ya saurari waƙar. Ya ce a wayarsa, wani ne ya turo masa ta WhatsApp. Ban iya musa masa ba a lokacin, domin ni ma a waya na san Narambaɗa.

Da na koma gida Madadi sai na tuna Baffana yana da wani kwalin kasa-kasai a ƙarƙashin gadonsa. Muka lalubo waƙar, ya hure ƙurar tsohuwar rikodarsa ya danna. Sai ga wata murya mai kauri tana jan kalmomi a hankali, kamar ba mutumin da na ji a waya ba. Baffa ya ce batir ne ya yi sanyi. Na je shago na sayo sabo, muryar ta ɗaga, kiɗan ya ƙara sauri. Cikin yini ɗaya na ji Narambaɗa iri uku. Na ce, "Baffa, to wacce ce muryarsa ta gaskiya?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗana, ai ni ma ban taɓa jin Narambaɗa ba. Kaset na ji."

Wannan amsa ce ta sa ni bin tarihin yadda waƙa take tasowa daga bakin makaɗi har ta iso kunnenmu. Abin da na fahimta shi ne, duk mai son yin sharhin waƙar da aka ɗauka yana da hukunci biyu a gabansa: ɗaya na aikin makaɗin, ɗaya na aikin na'ura. Wanda ya cakuɗa su zai ɗora wa mamaci laifin da bai yi ba, ko ya ba rayayye yabon da bai cancanta ba.

YADDA TURAWA SUKA RABA HUKUNCIN

Masu sharhin kiɗa a Turai sun riga mu cin karo da wannan matsala, saboda suna da okestira, wato gangamin makaɗa da kan kai mutum tamanin ko ɗari, da goge manya da ƙanana, da kayan busa, da ganguna, duk a ƙarƙashin jagora guda. Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho mai faifai a 1887. A wancan zamani babu makirfo. Makaɗa kan taru su matsu a gaban wani ƙaton mazurari, ƙarfin sautin da kansa ne yake girgiza allurar da ke zana layi a kan kakin zuma. Mazurarin ba ya kama amo mai zurfi sosai, ba ya kama mai kaifi sosai, don haka akan cire babban goge mai kauri a sa ƙahon ƙarfe a madadinsa, a kuma rage yawan makaɗan. Lokacin da Arthur Nikisch ya jagoranci makaɗan Balin suka ɗauki kiɗan Beethoven na biyar a 1913, abin da ya shiga faifai inuwar abin da aka kaɗa ne kawai.

Makirfo ya shigo harkar a 1925. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango, wanda kowace fuska take ɗaukar sama da minti 20. A 1982 faifan CD ya bayyana, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. A 1999 Sony da Philips suka fito da SACD, yanzu kuma ana sayar da kiɗan da aka auna sau 96,000 ko 192,000 a daƙiƙa, shi ne ake kira sauti mai matuƙar inganci.

Duk da wannan ci gaba, masu sharhinsu ba su yarda tsabtar sauti ta zama ma'aunin gwaninta ba. Mujallar BBC Music takan ba faifai maki biyu, na kiɗan daban, na ɗaukar daban. Har gobe ana jinjina wa kiɗan Beethoven na tara da Wilhelm Furtwängler ya jagoranta a Bayreuth ta Jamus a 1951, alhali kowane ɗan sitidiyo na yau zai iya fitar da sautin da ya fi shi haske. Su kansu manyan lambobin ana jayayya a kansu. A 2007 Brad Meyer da David Moran na Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi sama da sau 500, inda aka riƙa kunna wa mutane SACD da matakin CD ba tare da sun san wanne ne wanne ba, kuma dacewar da suka yi ba ta wuce ta canke ba, wajen rabi. A 2016 Joshua Reiss na Landan ya tattara gwaje-gwaje da dama ya ce akwai bambancin da kunne ke iya kamawa, amma ɗan kaɗan ne. Darasin shi ne, wurin da aka ajiye makirfo da kulawar mai ɗauka sun fi lambar da aka rubuta a bangon faifai tasiri.

GANGAMIN MAKAƊAN FADA

Mu ma muna da namu gangamin. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan sallah ya san yadda tambari da kakaki da algaita da farai da ganguna suke haɗuwa. A Zazzau da wasu masarautu akwai al'adar sara, inda makaɗan sarki suke taruwa a ƙofar fada daren Juma'a. Sannan ga ƙungiyoyin makaɗan baka: jagora, da 'yan amshi, da masu kotso ko taushi ko kalangu, da sanƙira mai kirari a gefe.

An tsara wannan kiɗa ne don fili, shi ya sa yake ba makirfo wahala. Kakaki ya fi mutum tsawo, an yi shi don a ji shi daga nesa, idan ya yi kusa da makirfo sai sautin ya fashe. Tambari amonsa a ƙasa yake, a ƙirji ake jin sa, ƙaramar lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da irin wannan zurfi ko kaɗan. Kalangu magana yake yi: makaɗi yana matse tsarkiyoyinsa a hammata yana saki, amon yana hawa yana sauka yadda karin harshen Hausa yake yi. Idan ɗaukar ta dusashe, maganar kalangun ta tafi, sai bugu kawai ya rage. Idan kuma makirfo ɗaya ne a gaban jagora, to 'yan amshin da ke bayansa dole su fito a dunƙule, ko da a fili kowace kalma tasu tana fita tar.

Ga misalin da zai nuna haɗarin. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya. Murya ɗaya da kayan kiɗa ɗaya ba su da wuyar ɗauka, shi ya sa kalmominsa suke fita rangaɗau ko a tsohon kaset. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, yana tafe ne da jama'a, ga kotsanni ga amshi ga ƙari suna hawa kan juna. Wanda ya ce Ɗanmaraya ya fi Ɗanƙwairo fitar da kalma saboda abin da ya ji a waya, ya auna sauƙin aikin makirfo ne, bai kai ga makaɗan ba tukuna.

DAGA GARMAHO ZUWA GIDAN REDIYO

Faifan garmaho na farko da ya yaɗu, mai juyawa sau 78 a minti, yana ɗaukar kimanin minti uku ne a kowace fuska. Waƙar fada kuwa ba ta san agogo ba. Makaɗi yakan ƙara ɗiya idan wani babba ya shigo, yakan tsawaita idan kyauta ta sauka, yakan sauya zambo idan wanda ake yi wa ya bar gari. Duk wanda aka tsayar a gaban na'ura aka ce ya gama cikin minti uku, dole ya zaɓi abin da zai zubar. Saboda haka idan kuka ji tsohuwar waƙa ta ƙare ba shiri, kada ku yi saurin rubuta cewa makaɗin bai iya rufewa ba.

Rediyo ya iso Kano a 1944 ta hanyar akwatuna da lasifikoki masu waya da ake kafawa a wuraren taruwar jama'a. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, kuma wannan gida ya taka rawa babba wajen ɗaukar makaɗa a kan manyan zaruruwa masu faranti biyu da yaɗa su ko'ina a ƙasar Hausa. A tsakanin 1963 da 1964 wani Ba'amurke masanin al'adu, David Ames, ya zauna a Zariya yana ɗaukar kiɗe-kiɗen fada da na sana'a, aka fitar da su a faifai biyu cikin jerin kiɗan Afirka na UNESCO. Shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Daga baya kamfanoni irin su EMI suka riƙa buga faya-fayan su Mamman Shata.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da ya ƙara da abin da ya rage. Ɗakin sitidiyo yana ba da shiru, amma yana raba makaɗi da taron da ke zuga shi. Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a watan Yunin 1999, mutum ne da ke ƙirƙira nan take yana kallon idon jama'a. Wanda ya saurari ɗaukarsa ta sitidiyo da ta filin wasa zai ji bambanci: ta farko ta fi tsabta, ta biyu ga hayaniya ga guɗa, amma sau da yawa a nan yake sakin jiki. Mai sharhi na ƙwarai zai faɗi wacce ya saurara.

ZAMANIN KASET DA KWAFIN KWAFI

Kamfanin Philips ya gabatar da kaset a 1963, kuma a shekarun 1970 ya mamaye kasuwanninmu. Ku lura da abu guda a nan: Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960, kafin kaset ya iso mana. Ke nan duk kaset ɗinsa da ke hannun mutane kwafi ne daga faifai ko zaren rediyo, mafi yawa ma kwafin kwafi.

Kaset ya yi mana alheri, domin shi ya kai waƙa ƙauyukan da garmaho bai je ba, ya sa direban mota da manomi da mai shayi suka mallaki makaɗan da a da sai a ƙofar sarki ake jin su. Amma yana da haraji. Zarensa yana tafiya santimita 4.76 ne a daƙiƙa, kuma duk lokacin da aka kwafa daga wani zuwa wani, ƙarar shuu tana ƙaruwa, kaifin sauti yana raguwa. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar wannan kwafi, daga can ake rarraba kaya zuwa garuruwa. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi bayanin yadda mutanen Kano suka saba da dusasshen hoto da sauti har ya zama musu yadda abin yake.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubuta waƙa a takarda. Haruffa irin su s da sh da ts da f a saman sauti suke zaune, su ne farkon abin da kwafi yake cinyewa. Idan suka dusashe, sara da shara da tsara da fara duk sai su zama abu ɗaya a kunne. Ku haɗa wannan da cewa Narambaɗa mutumin Tubali ne ta ƙasar Isa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, da Hausar yamma yake waƙa, mu kuma kunnenmu na Kano ne. Kalma ɗaya da aka ji ba daidai ba tana iya mayar da yabo zambo, kuma da zarar an buga ta a littafi, na baya za su yi ta kwafa.

Sai batun gudu. Idan injin kwafi ya fi ƙa'ida sauri da kimanin kashi 6 cikin 100, murya tana hawa mataki guda cur, dattijo ya koma kamar saurayi. Idan batir ya yi sanyi sai ta sauka ta yi nauyi. Wannan ne sirrin Narambaɗa uku da na ji a ɗakin Baffa. Ruwa ba ya tsami banza. Haka kuma kaset mai minti 60 yana da minti 30 a kowace fuska, mai kwafi kuwa idan zare ya ƙare a tsakiyar ɗa, a nan waƙar ta ƙare.

FIYANO, KWAMFUTA DA WAYA

A shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ya shiga sitidiyo, mutum ɗaya ya riƙa fitar da kwaikwayon ganga da sarewa da yatsunsa. Daga baya kwamfuta ta zo da manhajar gyaran murya irin Auto-Tune, wadda ta fito a 1997. Yanzu ana ɗaukar waƙa layi-layi, a goge kuskure, a miƙe muryar da ta karkace. Ba na raina wannan aiki, shi ma fasaha ne, kuma akwai mawaƙan zamani da za su tsaya a fili ba na'ura su burge. Abin da nake cewa shi ne matsalar ta juya: a da na'ura tana ɓoye gwaninta, yanzu tana iya ɓoye rauni. Idan kiɗa ya sauya, dole rawar mai sharhi ta sauya.

Tsofaffin waƙoƙin kuma sun bi ta wata ƙofar. An juye kasa-kasai zuwa MP3, wanda a matakin da aka fi amfani da shi yake riƙe kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na girman abin da ke CD. Daga nan masu tura waƙa a shagunan caji suka zuba su a memori, aka yi ta aikawa daga waya zuwa waya. Na taɓa sayen memori da aka ce mini waƙoƙin cikinsa an mayar da su masu inganci. Da na saurara, an wanke ƙarar shuu ɗin, amma an wanke ta tare da kirarin sanƙira da rabin amshi, kotson ya koma kamar ana buga kwali. Manhajar ta ɗauki duk abin da ba muryar jagora ba a matsayin datti. Ku riƙe wannan: abin da makirfo bai kama ba, ko wanda kwafi ya cinye, babu na'urar da za ta dawo da shi. Zuba kunun kofi ɗaya a babbar ƙwarya ba ya ƙara masa yawa.

TO YAYA ZA MU YI SHARHI?

Kafin ka rubuta kalma ɗaya a kan waƙa, nemi kwafi biyu ko uku daga hannu daban-daban, ka saurara da abin sawa a kunne ko lasifika mai kyau, ka bar ta waya. Ka tambayi kanka ko ɗauka ɗaya ce aka kwafa, ko kuwa makaɗin ya rera ta a lokuta mabambanta. Idan tsawonsu da jerin ɗiyansu ɗaya ne amma wata ta fi wata sauri, to injin ne. Idan ɗiyan sun bambanta, ka samu taska, domin ka ga yadda yake sarrafa waƙarsa.

Daga nan ka raba hukuncinka. A ɓangaren makaɗi akwai abubuwan da mummunan kaset ba ya iya ɓoyewa: yadda ya gina gindin waƙa, yadda yake saƙa ɗiya, daidai lokacin da 'yan amshi suke karɓa ba tare da sun makara ko sun riga shi ba, tsawon numfashinsa, yadda kiɗa yake ba magana hanya, da zaɓin kalma. Littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, zai ba ka sunayen waɗannan sassa da yadda ake bin su. A ɓangaren ɗauka kuwa sai ka duba ko ana jin kowa, ko sauti yana fashewa idan an ɗaga murya, ko amon ganga yana nan, ko an yanke farko ko ƙarshe. Kauri ko sirantar murya da armashin ganga suna cikin abubuwan da na'ura ta fi taɓawa, don haka ka sassauta harshe a kansu.

Sannan ka gaya wa mai karatu abin da ka saurara. Jimla ɗaya ta isa: daga kaset ne, ko daga rediyo, ko daga waya, kuma tsawonta minti kaza. Inda kalma ta shige maka duhu, ka kai wa dattijon da ya san karin harshen, kada ka cike da abin da ya yi maka daɗi. Ɗandatti Abdulƙadir, da ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, yana da damar zama da makaɗin. Mu ba mu da ita, abin da na'ura ta bar mana kawai muke da shi, don haka wajibi ne mu san halinta.

Abu na ƙarshe ya fi sharhi gaggawa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa injinan karanta zare suna ƙarewa, kayan gyaransu ma an daina ƙerawa. Zafi da ƙura da danshin damina kuma suna cin zaren a hankali. A gidajen Madadi da Getso da Gwarzo da Kabo akwai kwalaye irin na Baffa, wasu ɗauke da wasan da aka yi a bikin gari, na makaɗan noma da na 'yan dambe da na amada waɗanda ba su taɓa shiga sitidiyo ba, kuma mai yiwuwa babu kwafinsu a ko'ina. A nan ne manyan lambobin nan suke da amfani a gare mu: masu adana sauti suna ba da shawarar a juye zare a matakin awo 48,000 a daƙiƙa ko sama, a ajiye shi yadda yake ba tare da an matse ko an wanke ba. Wanda yake son tacewa ya yi a kan kwafi na biyu. A rubuta sunan makaɗi da wuri da shekara idan mai kaset ɗin ya tuna, kuma kada a jefar da kaset bayan an juye.

Ni dai na fara da kwalin Baffa, kaset 41 ne a ciki, na juye tara. Ɗan uwan nan da ya yi sharhi ya zo ya saurari nasa Narambaɗan a rikoda da sabon batir, ya koma ya goge sakin layi guda daga rubutunsa, ya bar yabon azancin yadda yake. Wanda yake da irin wannan kwali a gidansu, ya buɗe shi a wannan mako ya faɗa mana abin da ya tarar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara mana basira.